Yadda Ake Lissafa Ainihin Kayan da Layin Faiba Ke Ɗauka, Daga E1 Zuwa OTU4

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga matasan da suka shiga aikin sadarwa, kowa da yadda yake juya ta: "Oga, mun karɓi STM-1, takarda ta ce 155, amma gwaji ya ƙi kaiwa ko 150. An cuce mu ne?" Galibi babu wanda ya cuce ku. STM-1 matakin farko ne na layin faiba, kuma lambar da ke jikin takarda, 155 Mbit/s, gudun siginar ce a cikin faiba, kamar tirela ce ta hau sikeli da ita da kayanta da direbanta. Abin da kake nema shi ne buhu nawa ne a bayanta.

Kalmomi uku zan riƙa maimaitawa. Gudun layi shi ne duk bit ɗin da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Kaya shi ne abin da mai haya zai iya turawa. Abin da ke tsakaninsu injiniyoyi na ce masa obahed, ni kuwa la'ada zan kira shi, domin kowane mataki da siginar ta bi sai ya ciri nasa kamar dillalan kara.

Ka tanadi kalkuleta ko Excel, da takardar bayanin na'urarka, da yarjejeniyar hayar layin. In kana son tabbatar da lambobin da idonka, ƙa'idoji guda biyu na ITU-T, hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta duniya, G.707 na SDH da G.709 na OTN, kyauta ake sauke su.

1. Gane dangin siginar

Haruffan farko sun isa. E1, E3 da E4 'yan gidan PDH ne, tsohon tsarin tattara layukan tarho. STM na SDH ne, tsarin faiba da ya biyo bayan PDH, OC na SONET, takwaran SDH, OTU da ODU na OTN, wanda ya zo bayansu don manyan layuka. Najeriya da Nijar da maƙwabtansu tsarin E1 da SDH suke bi, Amurka da Kanada kuwa T1 da SONET. Za ka ci karo da OC ne a jikin kayan da aka sayo daga can, ko a takardun kamfanonin ƙetare.

Raba lambar OC gida uku, ka sami STM. OC-3 shi ne STM-1, OC-12 STM-4, OC-48 STM-16, OC-192 STM-64, OC-768 STM-256.

Hattara: a wannan sana'a mega miliyan ɗaya ce cif, giga biliyan ɗaya, babu ruwanmu da 1024. Sannan Mbit/s daban, MB/s daban: bit 8 ke yin bait ɗaya. Rabin ƙorafin "layi ba ya gudu" daga nan yake tasowa, mutum na kallon MB a kwamfutarsa yana kwatanta shi da Mbit na takarda.

2. Fitar da gudun layi daga firam

Kada ka wahalar da kanka da haddar tebur. Firam ƙunshin bait ne da ake aikawa tare, kuma SDH na aika firam 8,000 a kowace daƙiƙa, wato ɗaya a kowace mikrosakan 125, komai girman layin. Firam ɗin STM-1 yana da sahu 9 a kwance da ginshiƙi 270 a tsaye, kowane gurbi bait ɗaya.

9 × 270 = bait 2,430
2,430 × 8 × 8,000 = bit 155,520,000 a daƙiƙa, wato 155.52 Mbit/s

Ga gajeriyar hanyar da nake koya wa yarana. Bait ɗaya a firam daidai yake da 64 kbit/s, layin muryar mutum ɗaya ke nan. Ginshiƙi ɗaya bait 9 ne, saboda haka 0.576 Mbit/s. Riƙe wannan lamba. Duk abin da ka san yawan ginshiƙansa a SDH, ninka da 0.576 ka tashi da amsa.

Manyan layuka ninki ne kawai: STM-4 622.08, STM-16 2,488.32, STM-64 9,953.28, STM-256 39,813.12. Ka lura "2.5G" da "10G" da ake faɗa a baki laƙabi ne, babu wanda ya cika a cikinsu. Kada laƙabi ya shiga lissafinka.

3. Cire la'adar SDH

Ginshiƙai 9 na farko na kula da sashen layi ne: alamar farkon firam, ƙirgar kurakurai, hanyar da na'urori ke magana da juna, da manunin da ke faɗin inda kaya ya fara. Cire su.

270 − 9 = 261, sannan 261 × 0.576 = 150.336 Mbit/s. Wannan shi ne VC-4, babban akwatin da SDH ke saka kaya a ciki.

VC-4 ma yana da ginshiƙi ɗaya nasa, wanda ke raka kayan daga inda aka loda zuwa inda za a sauke.

260 × 0.576 = 149.76 Mbit/s. Wannan shi ne C-4, iyakar abin da STM-1 zai ɗaukar maka.

La'adar duka 5.76 Mbit/s ce, kusan kashi 3.7 cikin ɗari. Ninka 149.76 da lambar STM: 599.04 a STM-4, 2,396.16 a STM-16, 9,584.64 a STM-64.

Hattara: takardun wasu na'urori 150.336 suke rubutawa a matsayin kaya. Ba ƙarya suka yi ba, amma sun haɗa da ginshiƙin da ba naka ba. Idan za ka yi wa kwastoma alƙawari, 149.76 ce rufin ɗaki.

Ga mai aiki da SONET: STS-1 ginshiƙi 90 ne, 51.84 Mbit/s. Cire 3 ya koma 50.112, cire 1 ya koma 49.536, cire ginshiƙai 2 na ciko ya koma 48.384, daidai da kayan VC-3, akwatin SDH da bai kai VC-4 girma ba.

4. Ƙirga E1 nawa za su shiga

A nan ne masu kalkuleta ke faɗawa rami. E1 ɗaya 2.048 Mbit/s ne. Mutum ya raba 155.52 da 2.048, ya ga 75 da ɗoriya, ya je ya sayar da 75. Amsar gaskiya 63.

Dalili kuwa, ba zuba E1 ake yi kamar ruwa a randa ba. Kowanne sai an sa shi a akwatinsa. Akwatin ciki, C-12, 2.176 Mbit/s ne, ya ɗan fi E1 girma don ya haɗiye bambancin agogo. Da la'adarsa ya zama VC-12, 2.240. Da manuninsa ya zama TU-12, ginshiƙi 4 cif, wato 2.304. Daga nan sai jeri cikin rukunan da ake kira TUG: TU-12 uku a TUG-2 ɗaya, TUG-2 bakwai a TUG-3 ɗaya, TUG-3 uku a VC-4.

3 × 7 × 3 = 63
63 × 2.048 = 129.024 Mbit/s

Wato STM-1 da aka yanka shi E1-E1 kashi 83 cikin ɗari kawai yake ɗauka. STM-4 E1 252 ne, STM-16 1,008, STM-64 4,032.

Shi kansa E1 ɗin bai kuɓuta ba. Gurbi 32 gare shi, kowanne 64 kbit/s. Gurbi na 0 na tsara firam ne, saura 31, wato 1.984 Mbit/s. In layin murya ne da ke amfani da gurbi na 16 wajen siginar kira, saura 30, wato 1.920. Kira 1,890 ke nan a STM-1 guda. Idan ana son 2.048 ɗin duka, sai a buƙaci E1 marar firam, kuma a rubuta hakan a yarjejeniya tun kafin a haɗa waya.

E3 kuwa ɓarnarsa ta fi ta kowa. Gudunsa 34.368, amma VC-3 sukutum yake cinyewa, uku kacal ke shiga STM-1, jimla 103.104. Kowane E3 na ɗauke da E1 16, saboda haka wanda ya bi ta E3 ya tashi da 48 maimakon 63. In ba na'urar kwastoma ce ta tilasta maka ba, kauce masa.

Hattara da lambobin gurabe. Kowane VC-12 yana da adireshi mai lamba uku da ake kira KLM: K daga 1 zuwa 3, L daga 1 zuwa 7, M daga 1 zuwa 3. Matsalar ita ce kamfanonin ƙera na'ura ba hanya ɗaya suke bi wajen mayar da shi lamba 1 zuwa 63 ba. Wasu K + 3(L−1) + 21(M−1), wasu 21(K−1) + 3(L−1) + M. Na taɓa kwana a wata tasha saboda wannan. Mun haɗa E1 na 1, ya tashi lafiya lau. Na 2 ya ƙi, na 3 ya ƙi, na 4 ya tashi. Muka sauya faci, muka sake matse kan kebul, abokin aikina a ɗaya tashar har ya fara rantsuwa cewa katinmu ne ya ƙone. Sai wajen asuba na ce masa ya daina karanto mini lamba, ya karanto KLM. Nawa na 2 ashe 2-1-1 ne, wanda a na'urarsa yake na 22. Lambobin na haɗuwa ne kawai inda K da M suka zo ɗaya, gurbi 21 cikin 63, shi ya sa abin ke kama da aikin aljanu. Tun ranar, da KLM kaɗai nake magana da ɗaya ɓangaren.

5. Loda Ethernet a kan SDH

Yawancin masu haya yanzu Ethernet suke so. Ana naɗe shi da GFP, wato hanyar naɗe firam ɗin Ethernet don ya shiga akwatin SDH, a ɗaure akwatuna da yawa su zama bututu ɗaya, abin da ake kira VCAT. Raba abin da ake buƙata da kayan akwati, ka cike sama:

- VC-12: 2.176
- VC-3: 48.384
- VC-4: 149.76

Mai son 10 Mbit/s: 10 ÷ 2.176 = 4.6, a ba shi 5, wato 10.88. Mai son 20, a ba shi 10. Mai son 50, 23. Mai son 100, 46, wato 100.096, kuma ya bar maka gurbi 17 a STM-1 ɗin ka ci gaba da sayar da E1. Mai son gigabit ɗaya, VC-4 bakwai, 1,048.32. STM-16 zai ɗauki irinsa biyu, VC-4 biyu su rage, E1 126 ke nan. Ba don VCAT ba, da gigabit ɗaya sai ya mamaye STM-16 ɗin duka yana amfani da kashi 42 cikin ɗari.

Hattara: da 2.176 ake rabawa a nan. Wanda ya raba da 2.048 zai ba da akwatuna fiye da kima, ya yi wa kamfaninsa asara. Wanda ya raba da 2.304 zai gaza, kwastoma ya dawo da faɗa.

Akwai wata dabara da ake yawan yi, a ba mai 100 Mbit/s VC-3 biyu, 96.768, a ce ai ya isa. Bari mu duba. GFP na zubar da bait 20 daga kowane firam na Ethernet, wato 8 na share fage da 12 na tazarar tsakani, ya ɗora nasa 8. Firam mai bait 64 yana cin 84 a waya, a GFP kuwa 72, saboda haka 85.7 Mbit/s yake nema, ya shige da rara. Firam mai bait 1,518 yana cin 1,538 a waya, a GFP 1,526, yana neman 99.2. Bai shiga ba. Kuma manyan firam su ne abincin mai sauke fayil da mai kallon bidiyo. In ka yi wannan dabarar, faɗa wa mai haya gaskiya cewa wajen 97 zai gani.

6. OTN: ajiye 8,000 a gefe

Hattara tun kafin ka taɓa kalkuleta: dokar firam 8,000 ba ta aiki a nan. A OTN girman firam ne ba ya canzawa, sahu 4 da ginshiƙi 4,080, bait 16,320, sai dai saurin aika shi ya ƙaru. OTU1 na aika ɗaya a mikrosakan 48.971, OTU2 a 12.191.

Rabon ginshiƙan: 14 na farko la'adar OTU da ODU, wato marufin waje da na tsakiya, 2 na OPU, marufin ciki, 3,808 kaya, 256 na ƙarshe na FEC mai gyara kurakurai. Raba komai da 16 sai lissafi ya yi sauƙi: OTU kashi 255 ne, ODU 239, kaya 238.

Daga gudun layi zuwa kaya, ninka da 238/255. Daga gudun layi zuwa ODU, ninka da 239/255. Gudun layin kansa daga SDH aka gina shi:

OTU1 = 2,488.32 × 255/238 = 2,666.057, kaya 2,488.32
OTU2 = 9,953.28 × 255/237 = 10,709.225, kaya 9,995.277
OTU3 = 39,813.12 × 255/236 = 43,018.414
OTU4 = 99,532.8 (STM-16 sau 40) × 255/227 = 111,809.974, kaya 104,355.975

Lura da lambar ƙasa, 238, 237, 236, 227. Wanda ya sa 238 a ko'ina zai kuskure da megabit arba'in da wani abu tun daga OTU2. Rarar da ke tsakanin 9,995.277 da STM-64, kusan 42 Mbit/s, ciko ake yi mata in STM-64 aka loda.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne 10GbE, wato Ethernet mai gigabit 10. Bayanansa 10,000 Mbit/s ne, amma da tsarin 64b/66b, wanda ke aika bit 66 a madadin kowane 64, gudunsa a faiba 10,312.5. Ya fi ƙarfin kayan OTU2. Mafita uku ce. A naɗe firam ɗin da GFP a cikin ODU2. Ko a yi amfani da OTU2e, wanda aka ƙara wa gudu zuwa 11,095.728 don ya haɗiye siginar yadda take. Ko a koma 10GbE irin na WAN, mai gudun STM-64, wanda bayanansa ba sa wuce kimanin 9,294. Ka tambayi ɗaya ɓangaren wanne ya saita. OTU2 da OTU2e ba sa gaisawa, haske zai iso da ƙarfinsa amma firam ba zai kama ba, kai kuwa kana ta goge kan faiba.

Wajen rabon wuri, gurbi ake ƙirgawa, kowanne kimanin 1.25G: ODU2 na da 8, ODU3 32, ODU4 80. Gigabit ɗaya na shiga ODU0 mai gudun 1,244.16, gurbi ɗaya. ODU1 na cin 2, ODU2 8. ODU2e na cin 8 a ODU4, goma ke nan a layin 100G, amma 9 yake ci a ODU3, uku kawai za su shiga.

Wani abu a gefe: a layukan nesa za ka ga katin 100G na nuna wajen 120 zuwa 128 Gbit/s. FEC mai ƙarfi ne ya kumbura shi. Kayan na nan yadda yake, kada ka yi murna.

7. Cire la'adar Ethernet da IP

Kwastoma ba ya ganin VC-4, abin da manhajarsa ta nuna yake gani. Firam mai ɗauke da bait 1,500 na cin 1,538 a waya. A cikin 1,500 ɗin IP na cin 20, TCP 20, saura 1,460.

1,460 ÷ 1,538 = 0.949

Saboda haka ƙofar gigabit lafiyayya, wato fot ɗin na'ura, 949 Mbit/s za ta nuna, ko 941 in TCP na maƙala hatimin lokaci mai bait 12. Ƙofar 100 za ta nuna 94 zuwa 95. Kowace alamar VLAN ko MPLS ƙarin bait 4 ce, ramin VPN kuwa ya fi haka ci. Kada kuma 1.25G da ke rubuce a jikin SFP, 'yar na'urar da ake soka wa faiba, ta ruɗe ka, tsarin 8b/10b, mai aika bit 10 a madadin kowane 8, shi ne ya cinye rubu'in da ke sama.

Mu gwada da mai STM-1 na farkon magana. VC-4 ɗaya, GFP, ƙofar gigabit, manyan firam: 149.76 × 1,460 ÷ 1,526 = 143.3 Mbit/s, wato 17.9 MB/s. Fayil mai gigabait 10 zai ɗauki daƙiƙa 558, minti tara da 'yan kai. In gwajinsa ya nuna 143, layinsa garau yake.

8. Kariya, sannan kuɗi

Kafin ka ce kana da wuri, duba irin kariyar da aka saita, wato hanyar ko-ta-kwana da siginar za ta koma in layi ya yanke. Zoben STM-16 mai faiba biyu irin na MS-SPRing rabinsa a ajiye yake don ranar da magina titi suka datse kebul, VC-4 takwas ne na aiki a kowane sashe. A kariyar 1+1 ƙofa biyu za ka saya ka mori ɗaya. Kariyar SNCP kuma na cin gurbi ta hannun dama da ta hagu a zoben.

Farashi kuwa, raba kuɗin wata da kayan da za ka mora. A ƙaddara, don misali kawai, hayar STM-1 naira miliyan 3 ce a wata. Da 155.52 megabit ɗaya zai kama naira 19,290. Da 149.76, 20,032. In E1 63 za ka yanka, da 129.024, 23,251. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe akwai fiye da kashi 20 cikin ɗari, wanda ya isa ya haɗiye ribar mai sarin layi yana zaune yana zaton ciniki yake. In tayi biyu ke gabanka, wani STM-1 wani Ethernet mai 150, ka sa mai Ethernet ya rubuta a wane mataki yake auna 150 ɗin nasa, da girman firam ɗin da ya auna da shi.

9. Gwada kafin ka sa hannu

E1 da STM da na'urar BERT, mai ƙirga kurakuran bit, ake gwada su. A maido da siginar daga ɗaya ƙarshen, a sa tsarin 2^15−1 ga E1, 2^23−1 ga VC-4, a bar shi awa 24 in da hali. Minti goma sha biyar ba ya kama matsalar agogo ko ta zafin rana. In ba ku da na'urar, haya ko aro ya fi saye ga mai gwaji jefi-jefi.

Ethernet kuwa da ƙa'idar gwaji ta RFC 2544 ko Y.1564 ake gwada shi, da girman firam daga 64 har 1,518. Rubuta amsar da lissafinka ya ba ka ga kowane girma tun kafin ka danna maɓalli, sannan ka kwatanta. Duba kuma ko na'urar a mataki na 1 take ƙirga, wato har da bait 20 ɗin nan na share fage da tazara, ko a na 2, firam kaɗai, domin a firam mai bait 64 gigabit cikakke a mataki na 2 762 Mbit/s zai nuna.

Hattara da iperf3, manhajar gwada gudun layi. Kyauta ne kuma yana da amfani, amma zaren TCP ɗaya ba ya wuce girman tagarsa, wato bait ɗin da zai iya turawa kafin ya jira amsa, a raba da lokacin zuwa da dawowa. Haske na cin kimanin mikrosakan 5 a kowace kilomita ta faiba. In sabar da kake gwadawa da ita tana nisan milisakan 100, tagar kuma bait 65,535 ce, 5.2 Mbit/s za ka gani ko da layin 10G ne. Sa sabar a ɗaya ƙarshen layin da ka haya, buɗe zare takwas ko goma da -P, ko ka koma UDP da -u ka faɗa masa gudun da kake so da -b, sannan ka sake yi da -R don ka ga hanyar dawowa.